Wutar Marrpula

A bakin wata rijiyar yashi aka haifi yayata Marrpula, can tsakiyar hamada. A bayanta na girma. Tun tana ƙarama innarmu ta koya mata ƙuna: idan sanyi ya shigo, damo ya shige rami, sai a cinna wa tsohuwar ciyawa wuta, ɗan fili kaɗan, a bi toka da sandar haƙa ana neman bakin rami. In ruwa ya sauka, nan gautan daji ke tsirowa, da ciyawar da muke niƙa 'ya'yanta mu gasa a toka.

Shekarar da fari ya kashe innarmu, babbar mota ta kwashe mu zuwa sansanin 'yan mishan. Can Marrpula ta ƙarar da ƙuruciyarta wajen wankin zannuwan Turawa, ana ba mu fulawa da shayi. Ta haifi uku, ta binne biyu.

Sai da muka yi furfura sannan ɗanta Tinjirri ya sami mota ya mai da mu gida. Muka tarar ciyawa ta kai ƙirji, ta bushe, ta sarƙe. Ba gauta, ba sawun damo. Gabas da rijiyar kuwa gobarar tsawa ta cinye komai, har ɓauren da muke shan inuwarsa.

Marrpula ta durƙusa, ta ɗebi ƙasa ta shinshina. "Mun bar ta kamar marainiya," ta ce. Ta daɗe tana kuka, tana gaya wa magabata mu ne muka dawo.

Washegari ta ce a ba ta ashana.

"Inna, da wannan iskar? Har motar za ki ƙone mana," in ji Tinjirri.

"Wa ya ce maka yanzu? Kai dai matsar da gwangwanin motarka, sarkin tsoro."

Da yamma iska ta kwanta, ta cinna. Wutar ta tafi a hankali, ta mutu da kanta a gindin tudun yashi.

Ba ta koma sansani ba. Kowane sanyi tana ƙuna, jikokinta mata na biye da ita. Gauta ya dawo, damo ma, amma ɓauren bai sake tohowa ba. Da idanunta suka mutu, sai a zaunar da ita a fili, ta juya kumatu ga iska, ta ce a cinna ko a bari.

Da rani ta rasu a rumfarta. Muka daina faɗin sunanta kamar yadda ake yi wa mamaci a al'adarmu, sai bana dattawa suka yarda a sake kiransa.