Bahago a Littattafan Besbol

Ban taɓa riƙe ƙwallon besbol a hannuna ba. Gara in faɗa tun yanzu, kada wani ya ɗauka gwani ne ke magana. Ban taɓa zama a filin wasan ba, a talabijin ma ba na kaiwa ƙarshe, gyangyaɗi nake yi. Amma littattafan da aka rubuta a kan wasan, kai, waɗannan kam na cinye su tas, wasu har sau biyu.

A wurin aikina a nan Doha, inda muke gwajin ruwan sha, akwai wata kanta a ɗakin shan shayi. Duk wanda kwantiraginsa ya ƙare zai koma ƙasarsu, abin da ya yi wa akwatinsa nauyi nan yake zubewa. Littattafan girki, na motsa jiki, na koyon Larabci waɗanda ko rabi ba a kai ba. Wani dattijon Ba'amurke da muka yi aiki tare ya bar nasa tuli guda, duk na besbol. Suka daɗe a wurin, babu mai ko kallonsu. Lokacin ina zaman gwauro a unguwar Al Muntazah, iyalina ba su iso ba, zafi ya hana mutum leƙa waje, na gaji da kallon bango. Na ɗauki ɗaya don kawai yana da hotuna.

Wasan ba shi da wuyar faɗa. Wani ya tsaya a tsakiyar fili ya jefo ƙwallo da iya ƙarfinsa, wani kuma yana jira da kulki ya maka mata. In ya same ta sai ya sheƙa a guje yana zagaya filin, mutanen mai jifa suna neman cafke ƙwallon da wata ƙatuwar safar hannu ta fata. Shi ke nan fa. A kan wannan ɗan abin mutane suka rubuta littattafai masu kaurin bulo, ni kuma ɗan Funtuwa na zauna ina karantawa har shayina ya huce.

Guda uku na fi so. Akwai babban mai hotunan, tarihin wasan tun yana abin da leburori ke yi a fegi bayan an tashi aiki. Hotunan baƙi da fari ne, mazaje da gashin baki, riguna sun yi musu yawa, kowa ya murtuke fuska. Akwai na baƙaƙen fata, zamanin da aka hana su wasa da farare, suka kafa nasu ƙungiyoyin, suna yawo gari gari a tsohuwar bas, wani lokaci a cikinta suke kwana don masauki ya ƙi karɓarsu. Wannan ya sha ɓata mini rai. Nakan rufe shi in yi tsaki ni kaɗai, kamar jiya aka yi abin.

Na ukun shi ne ƙarami, bangonsa har ya fara rabuwa, kuma a kan masu jifa kawai yake magana. A cikinsa na ci karo da abin da ya sa na miƙe zaune. Ashe a wasan nan neman bahago ake yi ruwa a jallo. Masu duka sun saba da jifar hannun dama tun suna yara, idan ƙwallo ta taso daga ɗaya ɓangaren sai ta ruɗa musu ido. Saboda haka akwai mutanen da aikinsu ke nan, su bi ƙauyuka da makarantu suna cigiyar yaro mai jifa da hagu. Bahago ko ya fara tsufa, ko jifarsa ta rage zafi, ba ya rasa mai ɗaukarsa. Na koma babban littafin ina bin hotunan ɗaya bayan ɗaya. Gane su ba wuya, duk wanda ka ga safar a hannunsa na dama, to, da hagu yake jifa. Na yi ta kallonsu, wallahi, kamar na tsinci dangi.

Ni bahago aka haife ni. Yanzu ba za ka gane ba, da dama nake rubutu, rubutun kuwa abin kunya, ni kaina wani lokaci sai na yi da gaske nake karanta shi. Ina ƙarami mahaifiyata, Inna, ta ɗaure mini hannun hagu a ƙugu da ɗankwali. Ba mugunta ba ce, kowa haka yake yi, kuma gori ya ishe ta. Ni ne ɗanta na fari, dangin uba sun sa mata ido, ana cewa ta bar yaro yana miƙa wa manya abu da hannun tsarki. A garinmu ko mutum ya cika taurin kai sai a ce bahagon mutum ne. Magana ta karkace, a ce bahaguwa. In ba a fagen dambe ba, ban san inda ake yi wa bahago kirari ba. Aka yi ta ɗauri, malamin firamare ya ƙarasa da rula, har hannun ya haƙura.

A wajen wannan lokacin ne kuma harshena ya fara sarƙewa. Ina da i'ina har gobe. Ko ɗaurin ne ya jawo ta, ko dama tana tafe, oho, ni ba likita ba ne. Abin da na sani, in raina ya ɓaci ko ina gaban wanda nake jin nauyi, kalma takan tsaya mini a maƙogwaro ta ƙi gaba ta ƙi baya. Shi ya sa na zama mutumin littafi. Takarda ba ta ƙosawa, ba ta ƙarasa maka magana.

Da iyalina suka iso muka koma unguwar Al Thumama, cikin wani sashe na gida da aka raba wa 'yan haya. 'Yata ta fari, wadda na sa wa sunan Inna, ta taso da hagu. Tun tana rarrafe na lura. Abinci muka koya mata ci da dama, da gaisuwa, da karɓar abu daga hannun babba, wannan tarbiyya ce kuma addini ne, ba na wasa da shi. Amma fensir, da almakashi, da jifa, na ce a bar ta. Yarinyar ga surutu, tabɗi! Daga an ɗauko ta makaranta har a iso gida ba ta haɗiyar yawu, Hausa da Turanci da Larabci duk a tukunya ɗaya. Ta ce yalla Abba mu tafi, ta ce halas na gama. Ga zane. Bangon firij ɗinmu ba ka ganin farinsa don takardunta. Takan hau cinyata mu buɗe babban littafin, ita ce mai nemo masu safa a dama, ta dangwala yatsa ta ce, “Ga namu!”

Sai matata ta haifi na biyu, muka yi wa Inna biza ta zo wankan jego. Murna a wurina ba a magana. Tsohuwa ta iso da daddawa da kuka da man shanu a gora, gida ya ɗauki ƙamshin Funtuwa. Ita da jikarta kuwa suka ƙulle, takwara sama takwara ƙasa.

Ranar da ta ga yarinyar tana aikin makaranta, ina zaune a falon.

“Takwara, da wane hannu nake ganin alƙalami?”

Yarinyar ta ɗaga hagu tana dariya. Inna ba ta yi dariya ba. Ta zare fensirin ta mayar mata dama, ta dubi matata, ba ni ba, don Inna ba ta kallon idona kuma ba ta taɓa kiran sunana ba, kunyar ɗan fari. Ta ce, “Ku kuna zaune yarinya mace za ta girma a haka? Gidan wani fa za ta.”

Daga ranar aka shiga gyara. Ba da duka ba, Inna ta tsufa da wannan. Ɗan ɗalli ne a bayan hannu, da “a'a, ɗaya hannun,” da “kayya, hannun ƙazanta.” Ina dawowa aiki in tarar an yi shiru a falo, yarinya ta sunkuya tana jan layi a karkace, tana gogewa har takarda ta huje.

Matata ta tare ni a kicin, jariri a kafaɗa. “Abban yara, kai za ka yi magana. Ni suruka ce, in na buɗe baki an ce na raina ta.”

Na ce to. Na kwana ina to, na tashi ina to. Haba, ta ina zan fara? In ce wa Inna kada ta yi wa jikarta abin da ta yi mini, ai na ce mata ta cuce ni ke nan. Matar da ta sayar da awakinta na yi karatu.

Sai na yi dabara irin ta matsorata, na ɗauko littafi. Bayan la'asar na zauna a ƙasa kusa da tabarmarta na buɗe hotunan. Na nuna mata wani dogo ya ɗaga ƙafa sama zai yi jifa da hagu. Na ce a ƙasarsu irin waɗannan nema ake yi, ana alfahari da su. Ta gyara tabarau ta duba da kyau, har ta shafa takardar.

“Wannan ƙaton, aikinsa ke nan jifa?”

Na ce e.

“Allah ya kyauta. Su ai komai nasu a baibai yake, rubutunsu ma daga hagu yake farawa.” Ta rufe mini littafin da kanta, ta ce in miƙo mata goronta.

Na ji haushi, amma sai da na yi dariya. Littafin da na ɗauka zai yi mini magana, tsohuwa ta kashe shi da jimla ɗaya.

Abin da ya hana ni sake dariya a mota ya faru. Na ɗauko yarinyar daga makaranta, muka wuce shataletale, muka wuce filin ƙwallo, ban ji uffan ba. Na duba madubi. Tana zaune a baya ta danne hannunta na hagu a ƙarƙashin cinya, ta zauna a kansa. Na ce uwata, lafiya? Ta ce lafiya. Na ce me kika yi wa hannun? Ta ce, “Ina hana shi ne, Abba. Shi yake fara zuwa.”

Na san zaman nan. Na san yadda hannun yake yin sanyi, ya yi ta tsikari in ka sake shi. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma ba da Inna nake fushi ba, da kaina nake.

Muna isa na tura yarinyar wurin uwarta, na shiga ɗakin Inna. Tana kan sallaya tana jan carbi. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa tana kallon taga. Duk hanya na shirya maganata tsaf, kalma huɗu ce kawai farkonta: Inna, ki bar ta.

“Inna, k… k…”

Shi ke nan ta tsaya. Na ja numfashi na sake. “K… k… k…” Muƙamuƙina ya ƙage, idona ya rufe da kansa, na ji jijiyar wuyana ta tashi. Ga ni magidanci da 'ya'ya biyu, da furfura a gemu, ina buga gwiwa da tafin hannu don kalma ta fito, ta ƙi. A wurin aiki in haka ta faru mutane sukan dubi waya, ko su ƙarasa mini. Inna ba ta ƙarasa mini ba. Carbin ya tsaya a hannunta. Da na buɗe ido sai na ga ni take kallo, cikin ido, abin da ban tuna ranar da ta taɓa yi ba.

Ta ce, “Bari haka nan. Na ji.”

Na'urar sanyaya ɗaki tana ta gurnani.

Can ta ce, a hankali, kamar da sallayar take magana, “Kai ne mai surutun gidanmu. Har maƙwabta sukan aiko a ba su aronka, ka je ka yi musu hira. Ban san inda maganar ta tafi ba. Na yi ta kai ka wurin masu rubutun sha.”

Ban taɓa jin wannan ba. Ni a sanina haka na taso.

Ta ɗaga murya ta kira, “Takwara! Zo nan da fensirinki.” Yarinyar ta shigo tana raɓe-raɓe, fensir a dama. Inna ta karɓa, ta kamo ɗaya hannun ta buɗe yatsun ta saka mata, ta naɗe su da nata. “Abinci da dama, kin ji ko? Wannan ba ni na ce ba. Sauran kuwa ki yi da wanda Allah ya ba ki. Tashi ki zano mini raƙumi.”

Yarinyar ta dube ni, na gyaɗa mata kai, ta fita a guje.

Na yunƙura zan bi ta, Inna ta ce, “Kai.” Na koma na durƙusa. Ta riga ta mayar da fuskarta taga.

“Lokacin ɗaurin nan, da ciwo?”

Na ce, “A'a, Inna.”

Ta gyaɗa kai, ba don ta yarda ba. Ta ce in ja mata ƙofar in na fita.