Cocin da na rataya a bangon alƙibla

Shekarun baya, ina sabon aure, na yi wa wani Bature injiniya direba a Jidda. Da zai koma ƙasarsu sai ya ba ni wani tsohon zane da ya gada wajen mahaifinsa. Da gurguwar Larabcinsa ya yi min bayani cewa da allura aka karce farantin tagulla, aka shafa tawada, aka danna a takarda. Gini ne mai hasumiya biyu da dogayen tagogi masu tsini, kowane dutse an fitar da shi har inuwarsa. Wallahi ban taɓa ganin aikin hannu mai kyansa ba.

Ni kuwa sarkin sani, ina ganin hasumiya na yanke hukunci: masallacin Istanbul ne. Na kai shi gidanmu a unguwar Karantina, na rataya a bangon alƙibla, maƙwabta na zuwa suna "Masha Allah". Kwana uku ina nafila ina fuskantarsa.

Sai ga mahaifina ya dawo daga aikin gini a Makka. Mutum ne da ya taɓa ƙona min mujalla saboda hoto ɗaya. Ya tsaya ya ƙura wa zanen ido.

"Ya waladi, ɗana, ina ƙubbar masallacin naka?"

"Baba, ai Turkawa..."

"Turkawan ne suka kafa gicciye a sama? Wannan kanisa ce, coci!"

Ya sauke zanen ya fita tsakar gida, inda murhun mahaifiyata ke ci. Na bi shi, na riga na ba wa takardar wuta a raina. Ashe haske yake nema. Ya daɗe yana dubawa, sannan ya ɗora yatsa kan ginshiƙan da suka tokare bangon ta waje.

"Shuf, duba nan," ya ce, "nauyin rufin suka sauke a nan, shi ya sa bango ya samu damar tagogi. Shekara talatin ina ɗora dutse, ban taɓa tunanin haka ba. Addininsu nasu ne, amma sun iya aiki. Halas, magana ta ƙare, ba zai koma alƙibla ba."

Ya saka shi a akwatin kayan aikinsa, bai kuma sake zancen ba.

Har yau ina jin kunyar nafilar nan, amma a wajensa na koyi yaba gwani ko ba naka ba ne. Bayan rasuwarsa na buɗe akwatin. Zanen na nan, ginshiƙan nan duk shatin yatsunsa ne na farar ƙasa.