Goron da Ziblim ya kai Moss Side

Ku da kuke cin tuwo a shagon Ziblim a Lozells kuna ganinsa shiru-shiru, bari ku ji ko wane ne shi. Mijin 'yata Alima ne. A garinmu ba a kama sunan suruki, amma ni na tsufa, kuma nan Ingila ce.

A Tamale aka haife shi, a zangon Kumasi ya tashi, can ya tsinci Hausa. Uwarsa koko da ƙosai take sayarwa a bakin tasha, shi ke ɗaukar mata bokiti tun kansa bai kai tebur ba. Da ya zo Birmingham babu aikin da bai taɓa ba. Ya wanke kwanuka har fatar hannunsa ta saɓule. Ya yi gadi, ya tuƙa motar kai kaya. Bai san hutu ba, bai san sabuwar riga ba, har Allah ya ba shi ɗan shagon nan tsakanin mai aski da mai gyaran waya. Ya sa aka rubuta sunansa a sama da jan fenti. Ranar da aka ɗora allon, tsallaka titi ya yi ya tsaya yana kallo, har bas ta kusa kwashe shi.

Ana nan sai ga Sadique, wani saurayi ɗan Accra, siriri, ya zo neman aiki. Ko albasa bai iya yankawa ba. Ziblim ne ya kama hannunsa ya koya masa tuƙa tuwo ba gudaji, da yadda ake soya shito, barkonon nan namu, har ya yi baƙi bai ƙone ba. Yaro ya iya. To amma Allah ya ba shi abin da bai ba maigidansa ba. Baki gare shi, ga wushirya, ga dariyar da in ya yi sai kai ma ka yi ba ka san dalili ba. Sai ya jingina wayarsa a jikin gwangwanin tumatir, yana juya miya yana zuba surutu, Hausa da Turanci a cakuɗe, ya saka a TikTok.

Kan ka ce me, mutane sun fara zuwa daga London, daga Manchester, har da Turawa. Su tsaya ƙarƙashin allon nan mai jan fenti su ce, "Nan ne shagon Sadique?" Ziblim yana zaune gaban akwatin kuɗi, sai ya ce, "Nan ne." Wata rana wata yarinya ta miƙo masa wayarta ta ce, "Uncle, please, ɗauke mu hoto da mai shagon." Ya ɗauka. Ya yanke wa Sadique rabin kai a hoton, amma ya ɗauka.

Shi ma fa ya gwada nasa. Ya sa babbar riga, ya tsaya gaban tukunya ƙiƙam kamar mai jiran hukuncin alƙali, ya yi bayanin miyar ayoyo. Alima ta kalla don tana matarsa. Ni ma na kalla, amma hannuna ne ya taɓa bisa kuskure.

Ciniki ya haɓaka, ba wanda zai musa. Ziblim ya sayi mota, ya canza firji. Amma duk tukunyar da ta ƙare da wuri, sai ya ji kamar daga jikinsa aka yanka. Girkinsa ne, shiton uwarsa ne, guminsa ne, sai ga shi sunan wani ake kira. Bai taɓa faɗa wa yaron baƙar magana ba. Sai dai in Sadique ya yi dariya da baƙi, Ziblim ya tuna akwai kwalin da ke bukatar ɗauka a baya, ya tura shi.

Sai aka ɗauke su girkin wani biki a Moss Side, a Manchester. Sadique ya tafi da mota da tukwane, Ziblim ya tsaya shago. Bayan bikin sai ga saƙon murya yana yawo a wayoyin mutanenmu. Wata Zinatu ce ke magana, tana kuka tana rantsuwa. Wai 'yar yayanta Hikma, yarinya mai karatu a jami'a, ta taya rabon abinci a bikin, Sadique ya tare ta a lungun bayan kicin, ya riƙe mata hannu, ya faɗa mata maganar da baki ba zai maimaita ba.

Da Sadique ya dawo, Ziblim ya kira shi bayan shago, Alima tana tsaye. Sadique ya ce, "Masta, hannu na riƙe, ba zan yi maka ƙarya ba. Ana wucewa da tukunyar miya ne na janye ta. Amma maganar banza, wallahi ban yi ba."

Da ya fita, Alima ta ce, "Baban Rabi'a, ka ji ni da kyau. Ba mu nan aka yi. Kada ka wanke shi, kada kuma ka shafa masa. Ka mayar da shi kicin, ba gaban mutane, ba zuwa biki, ka ci gaba da biyansa. A nemi wanda ba ruwansa da mu ya je ya zauna da yarinyar ya ji ta bakinta, don ita ma 'yar mutane ce. A tambayi masu ɗakin bikin ko akwai kamara a lungun. In an gano, sai ka yi hukunci."

Ziblim ya ce, "Gaskiyarki." Kuma ya san gaskiyarta ce.

To amma ku ji abin da zuciya ke yi wa mutum. Tun da aka mayar da Sadique baya, Ziblim ya dawo gaban shago. Mutane suka riƙa zuwa suna jan kujera kusa da shi, suna rage murya: "Alhaji, yaron naka fa?" Yaron naka! Rabonsa da ya ji an ce haka har ya manta. Ya riƙa girgiza kai yana cewa, "Sai addu'a," amma ran nan malmala biyu ya tashi da su, shi da ba ya gama ɗaya. Ya riƙa tunani, in aka bincika aka ga yaron ba shi da laifi fa? Sai ya dawo gaba da wushiryarsa, mutane su ninka, a ƙara tausaya masa. Sai ya yi a'uziyya, ya kori tunanin. Tunanin ya zagayo ta baya.

Sai ya ce shi da kansa zai je Manchester, ai shi ne maigida.

Yanzu ga inda maganar take. A wurinmu goro iri biyu ne. In gaisuwa ka je, 'yan ƙwayoyi za ka zuba a aljihu, ka miƙa a hannu. Amma in ka cika ƙwarya da farin goro, ka rufe da farin ƙyalle, ka sa dattijo a gaba, to ba ka bukatar buɗe baki. Ƙwaryar ta riga ta ce, namu ya yi laifi, a yafe mana. Ko yaron goye a zango ya san wannan.

Ziblim ya tafi unguwar Balsall Heath, nan cikin Birmingham, ya sayo farin goro mai kyau, ya cika ƙwarya. Alima ta gan shi yana ninke ƙyalle.

"Baban Rabi'a, wannan na mene ne?"

"Gaisuwa."

"Gaisuwa da farin ƙyalle?"

"Kar ƙura ta hau ne."

"Wace ƙura a cikin mota? Ka ajiye ƙwaryar nan, don Allah. Yaron bai amsa ba."

"Ke kin fi ni sanin yadda ake shiga gidan mutane?"

Ya ɗauki abinsa. Ya biya ya ɗauko Malam Bara'u, dattijon masallacinsu, wanda kowa ke jin maganarsa. Malam ya ga ƙwarya a kujerar baya. Da suka hau babban titi sai ya ce, "Ashe yaron ya amsa?"

Nan ne fa Ziblim zai ce a'a. Kalma ɗaya, a juya mota ko a bar ƙwarya a ciki. Ya riƙe sitiyari, ya kalli hanya, ya ce, "Malam, ka san yaran yanzu."

Malam ya ce, "Allah ya shirya."

Mahaifin Hikma direban bas ne, mutum mai kunya. Tun da abin ya fito bai iya ɗaga kai a masallaci ba. Da ya ga Malam Bara'u a ƙofa da ƙwarya a rufe, sai hawaye. Aka zauna a falo. Malam ya yi magana mai daɗi, uban ya sa hannu ya yaye ƙyallen ya ce ya yafe duniya da lahira. Zinatu ta ce ai dama ta faɗa. Aka shafa fatiha. Aka kawo wa Ziblim shayi, ana ta sa masa albarka, wai irinsa ne manya, masu ɗaukar laifin na ƙasa da su a kai. Ya sha shayin nan har ƙasa, ya ji daɗinsa.

Hikma tana sama a ɗakinta. Ba wanda ya ce ta sauko.

Ran Juma'a aka raba goron a masallacin Moss Side. Duk wanda ya tauna ya san Sadique ya amsa laifi. Kafin la'asar labari ya iso Lozells.

Sadique ya fito daga kicin, hannunsa duk gari, shago cike da mutane, ni ma ina zaune a gefe. Bai ɗaga murya ba.

"Masta, an ce an yafe min."

"To ba shi ke nan ba? Magana ta mutu. Na rufa maka asiri."

"Wane asirin? Me na ce maka ran nan? Ka ce za a tambaya. Wa aka tambaya?"

"Kai, ni za ka titsiye a shagona?"

"Shagonka ne, Masta. Ban taɓa cewa nawa ne ba."

Wannan maganar ta fi zagi shigar Ziblim, don bai taɓa zaton yaron ya lura ba. Sadique ya wanke hannunsa, ya zo ya durƙusa ya ce min, "Mma, a yafe ni," ya fita.

Ba a jima ba ita ma Hikma ta zo, ita kaɗai ta hau mota daga Manchester. Doguwa, da jakar littattafai a baya. Ta tsaya gaban Ziblim, Hausarta tana tuntuɓe.

"Uncle, kai ne ka kawo goro gidanmu?"

"Ni ne, 'yata. Ai an gama."

"Nobody asked me. Ba wanda ya tambaye ni komai. Ina da abin faɗa. Akwai matar da ke wanke-wanke a wurin, akwai kamara. Na kira masu ɗakin, sun ce sun riga sun goge, da an zo da wuri ne. Yanzu masu son shi suna zagina a waya, wai ƙarya na yi. In na buɗe baki, Baba ya ce an ci goro, kar in kunyata shi. To ni me goro ya yi min?"

Sai Ziblim ya ce a zuba mata abinci. Ta ce ta gode, ba ci ya kawo ta ba.

Har yau ba wanda ya san abin da ya faru a lungun nan, daga su biyun sai Allah. Wataƙila yarinyar aka zalunta, wataƙila yaron. Matar wanke-wanken ma an ce ta koma Ghana. Alima ta daɗe tana ajiye wa mijinta abinci ba ta zauna kusa da shi ba.

Shago dai ya dawo na Ziblim shi kaɗai. Ba mai tambayar kowa, masu zuwa daga nesa sun daina, sai 'yan unguwa da direbobin tasi. Sadique yana Balsall Heath a kicin ɗin wani Basomale. Mutanenmu ba sa kiransa biki, masu kallonsa sun ragu, amma bai daina ba.

Kwanan baya da rana, shago ba kowa, na ga Ziblim ya sunkuyar da kai bayan akwatin kuɗi, ya rage ƙarar waya. Muryar yaron ce, na gane ta. Yana koya wa mutane soya shito, har yana cewa wurin maigidansa na farko ya koya. Na ce to, yau dai zuciya za ta yi sanyi. Ziblim ya kalla har ƙarshe, ya mayar farko ya sake kallo, ya duba yawan waɗanda suka gani. Sai ya kife wayar a tebur ya ce, "Ko sunana bai kama ba."