Ranar da Na Goge Furen Amarya

Har in koma ga Allah ba zan manta da wata Talata a watan Sha'aban ba, lokacin ina aiki a wani mashagal a unguwar Suwaidi, can ƙasar Larabawa. Mashagal shi ne shagon ɗinkin mata, inda namiji ba ya taka ƙafa. Ku da kuka zo kuka tarar da komai a waya, ku ajiye almakashi ku saurara.

Ko da yake ni tela ce, shara da guga aka ɗauke ni. Na haura hamsin ban san A ba, sai da matar wani ɗalibi a unguwar Jaradiya ta zaunar da ni ta koya mini boko. Da mai shagon, Ummu Fahad, ta sayo keken surfani mai aiki da kwamfuta, aka duba aka ga kowa Larabci yake karantawa, ni kaɗai ke gane baƙaƙen boko. Haka na bar tsintsiya na hau kujera.

Kwamfutar ba irin taku ba ce. Baƙin allo ne, ba hoto, ba abin dangwalawa, umarni ake rubuta mata. Muhandis, wato injiniyan da ya kafa ta ranar Juma'a da shago ke rufe, ya bar mini umarni huɗu a kwali: na duba sunayen zane, na kwafar zane a faifai a kai wa keke, na gogewa. Na huɗun HELP, wai in na rikice in buga. Ban taɓa bugawa ba. Na ɗauka ƙarata zai kai masa.

A makon nan muna da rigar amarya, biki ranar Alhamis. An gama furen hannu ɗaya, saura ɗayan. Kwamfuta ta cika, na zauna rage tsofaffin zane. Akwai WARDA1, akwai WARDA2, warda wato fure da Larabci. Tsohon zan goge, na goge na amarya. Faifan da kwafinsa ke kai kuma tun safe na ɗora masa wani aiki. Muhandis ya tafi hutu ƙasarsu.

Ban tsaya kame-kame ba, na je na sami Ummu Fahad na ce, "Madam, mushkila. Ni na goge furen amarya."

Ta ce, "Ya Hajja, in Alhamis ta yi hannun nan babu fure, tsintsiyarki na nan bayan ƙofa. Khalas, magana ta ƙare."

Ba tsintsiya na raina ba, ta ciyar da ni shekaru. Amma kujerar nan da wahala na same ta.

Da la'asar maigidana Malam Idi ya zo ɗaukata. Direba ne a unguwar Shifa, yana jin Turanci, amma bai san kwamfuta ba ko kaɗan, kuma ba damar ya shigo. Ya tsaya a 'yar tagar da direbobi ke karɓar kaya, na faɗa masa abin da ya faru, na miƙa masa kwalin.

Ya ce, "To ke Asabe, ga taimako an rubuta miki, me kike jira?"

"Wane taimako?"

"HELP ɗin nan. Taimako yake nufi."

"Shekara biyu kana ganin kwalin nan a jakata, sai yau bakinka ya buɗe?"

"Kin taɓa tambayata?"

Na koma ciki na buga. Ba wanda aka kira. Allo ne ya cika da kalmomi jere-jere, kamar zare a kanta. Ashe duk umarnin da injin ya sani ne, kowanne in ka hau kansa ka danna, sai ya buɗe bayaninsa. Matsalar, ni ina karantawa ban ji, Malam yana ji ba ya gani. Sai na dinga kwaɗa masa baƙaƙe ɗaya-ɗaya daga ɗakin ciki, shi yana waje cikin rana yana haɗawa yana kwaɗo mini fassara. Matan shago suka bar aiki suna dariya.

"Wannan na agogo ne, wuce!"

"Wannan fa?"

"Kada ki taɓa! Wannan share komai yake!"

Muka yi ta yi har muka kusa ƙarshen jerin. Na karanto masa U, N, D, E, L, E, T, E. Ya ce, "Tsaya nan. Wannan kamar warware gogewa yake nufi."

Na buɗe. Bayanin dogo ne, Malam ya tsinto mini abu ɗaya: kada a ajiye sabon abu a injin kafin a dawo da wanda ya ɓace. Alhamdu lillahi, tsoro ya hana ni taɓa komai tun hantsi. Sauran Turancin ya fi ƙarfinsa, ya fara inda-inda.

Na ce, "Bar shi, Malam. Ba su da samfur?"

Akwai. Shafi guda na misalai. Ni kuwa tela ce, ba a yi mini dogon bayani, a ba ni samfur in kwaikwaya. Na kalli yadda suka jera nasu, na jera nawa, na cire sunan da suka sa na sa namu. Injin ya nuna sunan zanen ba harafin farko, ya ce in cika. Na danna W da yatsa ɗaya, ina bisimilla.

Fure ya dawo. Kafin magariba keke na ta sukuwa a hannun riga. Ummu Fahad ba ta ce sannu ba, ba halinta ba ne. Washegari dai na tarar an sa wa kujerata sabon matashi.

Abin da na koya, waɗanda suka ƙera injin nan sun san hannu zai kuskure, shi ya sa suka bar amsa a cikinsa. Ni ce na zauna shekara biyu da ita a jaka ina tsoronta. Don haka in kin ɓata aiki, ki faɗa da bakinki, ki ɗauke hannu kada ki ƙara ɓatawa, sannan ki tambaya.

Malam kuwa har yau in an zauna sai ya ce shi ya gyara kwamfutar Suwaidi. Nakan ce masa, to faɗa musu launinta.