Mai Kwalabe da Kwalbar Dama

Shekara talatin da ɗaya Mai Kwalabe ya yi yana riƙe da makullin ɗakin ajiyar sinadarai na wata cibiyar bincike, kuma ko cokali bai taɓa ɓata a hannunsa ba. Bai yi zurfi a boko ba, sharar ɗakin aka ɗauke shi yi tun yana saurayi. Amma jadawalin sinadarai da ke manne a bango, wannan mai gida-gida, ya haddace shi kamar sunayen 'ya'yansa. Ya kan ce jadawalin unguwa ce, kowane layi daga sama zuwa ƙasa 'yan gida ɗaya ne, halinsu ɗaya.

"Kun ga 'yan gidan farko na hagu?" in ji shi ga sababbin ma'aikata. "Litiyam, sodiyam, fotasiyam. Masifaffu ne, kuma duk wanda ke ƙasa ya fi na samansa zafin kai. Ku ɗiga musu ruwa ku ga ikon Allah."

Haka ya jera kabad ɗin ƙarfe na masu haɗari, bisa tsarin jadawalin. Masifaffun suna hagu, kowanne nutse cikin farin mai marar wari don kada danshi ya taɓa shi. Can dama kuma farin fosforas, shi kuwa a ruwa ake ajiye shi, don iska ce abokiyar gabarsa. Kwalaben duk iri ɗaya ne, masu duhu. Kowace Litinin da safe ya kan ƙara wa na hagu mai, na dama ruwa.

To, ga abin da ba wanda ya sani sai matarsa. Yanar ido ta rufe masa gani. Shekara biyu rabonsa da karanta rubutun jikin kwalba, da ƙidayar hannu yake aiki. Matar ta yi faɗan har ta gaji.

"Malam, ka faɗa musu mana! Wuta fa kake wasa da ita."

"In faɗa su sallame ni? In dawo in zauna ki riƙa aike na kasuwa?"

Tsoron sallamar nan shi ya rufe masa baki, don bai san wata rayuwa ba sai ta ɗakin nan.

Akwai wata matashiyar Dakta da ke bincike a kan 'yan gidan farko, tana neman yadda za a yi batir mai arha da su. Baba take ce masa, har durƙusawa take in za ta gaishe shi. Da 'yarsa ta haihu ya ɗauki hutun kwana uku, ya bar wa Dakta makulli. Ita kuwa baiwar Allah, ganin kullum fotasiyam take ɗauka, ƙofar hagu kuma tana cijewa, sai ta mai da shi dama, ta kai fosforas hagu. Ta manna wa kowace kwalba sabuwar takarda da jan rubutu ɓaro-ɓaro, wanda ko daga bakin ƙofa za a karanta. Ta so ta gaya masa, ta sha'afa.

Ranar Litinin ya zo da fara'arsa, ya buɗe kabad, ya lalubo kwalbar dama, ya kwance murfi, ya tsiyaya ruwa.

Innalillahi! Ruwan ya ratsa man ya sauka ƙasa, kwalbar ta yi tsuwwa a hannunsa, ta ɗau zafi. Nan take ya gane wanda ya shayar. Ya juya zai cusa ta a bokitin yashi, kafin ya kai ta tarwatse. Wata wuta mai launin shunayya ta tashi, gilashi ya watsu ko'ina. Ma'aikata suka rugo suka same shi zaune a ƙasa, hannun dama ya saɓule. Dakta ta ɗora hannu a ka tana ta maimaita, "Na kashe Baba, na kashe Baba!"

Bai mutu ba, amma yatsu biyu sun tafi. Bayan mako uku shugaban cibiyar ya kira zama, aka zo da Mai Kwalabe hannu naɗe da bandeji. Dakta ce ta fara miƙewa. Ta ce laifinta ne kaf, ita ta sauya tsarin da mutum ya shekara talatin a kai ba tare da ta sanar da shi ba. Shugaba ya ce to, za a rufe bincikenta, a dakatar da ita, shi kuma Baba ya koma bakin aikinsa in ya warke.

Shi ke nan fa, ya tsira. Abin da kawai ya rage masa shi ne ya yi shiru. Sai ya ji shessheƙar Dakta a gefensa, yarinyar da ba ta girmi 'yarsa ba, aikin shekara huɗu zai bi ruwa. Kunya ta kama shi har cikin ƙashi.

"Ranka ya daɗe," in ji shi, "a miƙo mini takardar da ke gabanka."

Aka miƙa masa. Ya kai ta dab da hancinsa, ya juya ta, ya sake juyawa.

"Wallahi ban san sama ko ƙasanta ba. Shekara biyu ke nan. Ko da girman ƙofa ta yi rubutun nan, ba zan gan shi ba."

Shugaba ya cire tabarau ya zuba masa ido. Wani ma'aikaci da ya sha karɓar asid daga hannun tsohon ya dafe ƙirji yana salati.

"Shekara biyu, Baba?" in ji Dakta. "Duk abin da na roƙa kana miƙo mini, ba ka gani?"

"Ban taɓa miƙa miki wanda ba shi ba, 'yata."

"Ba ka taɓa ba," ta ce, hawaye na zuba.

Ya sa hannun hagu a aljihu, ya daɗe yana fama kafin ya zaro makullin, don bai saba da wannan hannun ba. Ya lalubi teburin, ya ajiye shi a gaban shugaba, ya ce a taimaka a kira masa matarsa ta zo ta kai shi gida.