Ranar da Babanta Ya Sulale

Har yau in na tuna ranar da aka yi wa mijina canjin wurin aiki, raina ɓaci yake yi. Soja ne, muna zaune a Zuru, 'yarmu tana da shekara uku. Uwar mijina ta zo daga Manga don ta sa masa albarka, kuma ita ce ta hana yarinyar ganin tafiyarsa.

"Ku bari ta yi barcin rana, ya sulale," in ji ta. "Yaro ba ya riƙe abu."

Na ce, "A'a, Mama, a bari ya yi mata sallama." Ba wanda ya kula ni. Ya ɗauki jakarsa ya hau kabu-kabu.

Da yarinyar ta farka, ta duba bayan ƙofa da ƙarƙashin gado tana dariya, a zatonta wasan ɓuya ne. Daga ranar ba ta ƙara yarda ta rabu da ni ba. Ina kan keken ɗinki, tana riƙe da bakin zanena. Ko wanka na shiga, tana bakin ƙofa tana kirana.

Bayan wata biyu na sa ta a makarantar ƙananan yara. Kullum da ihu muke rabuwa. Ran nan sai ta dawo shiru, ta ƙi cin abinci. Da na lallashe ta, ta ce, "Anti ta ce in na yi kuka, ke ma ba za ki dawo ba, kamar Baba."

Washegari na je na samu malamar.

"Ke kika gaya wa 'yata haka?"

"Haba, Maman yarinya, ai don ta yi shiru ne. Kin ga kuwa ta yi."

"Ta yi shiru don tsoro! Kin san abin da ke damunta sarai, shi kika ɗauka kika dake ta da shi. Ke ba ki da uwa ne?"

Ban jira amsarta ba. Na sa aka mayar da 'yata wani aji.

Daga nan na daina sauraron kowa. Kowace safiya sai in durƙusa a ƙofar aji in ce mata, "Zan tafi shago. In kun gama cin abinci, aka kaɗa ƙararrawa, za ki gan ni nan." In ɗaura mata ɗan ƙyallen zanena a hannu, in tafi tana kallo. Ta yi kuka, amma ban taɓa ɓuya ba.

Sai da muka yi sati uku kafin ta saki hannuna da kanta. A tsakanin nan wata mai kayan biki ta so ta tsare ni a shago lokacin tashin makaranta, wai sai na gama mata hannun riga. Na miƙa mata kayanta na ce ta nemi wata tela, na rufe shago na ruga makaranta.