Turaku Talatin da Ɗaya na Tiburcio

Tiburcio Moya malalaci ne, kuma bai taɓa ɓoyewa ba. Ƙanwata Saturnina ya aura, don haka na yi shekara arba'in da ɗoriya ina kallonsa. Da zai gina gida, kowa ya hau tudu, shi kuwa ya kafa ɗakinsa a bakin tafkin Poopó, wai don ya tashi daga barci ya faɗa kwalekwale ba tare da ya wahalar da ƙafa ba.

Masuntanmu suna da al'ada. Kowane watan Agusta, in an gama yi wa ƙasa sadakar ganyen koka, mutum zai tumɓuke turken da yake ɗaure kwalekwalensa, ya sake kafa shi inda bakin ruwa ya tsaya a wannan shekarar. Ba mai turke biyu. Itace ba ya fitowa a tudunmu, da kashin lama, dabbar kiwonmu mai kama da ƙaramin raƙumi, muke girki. Amma ƙanin Tiburcio direban babbar mota ne, yana kawo masa sandunan itacen turare daga kwari. Tono tsohon turke daga busasshiyar laka aiki ne, don haka sai ya bar shi, ya kafa sabo.

Wata shekara na same shi zaune a ƙofar gida ya ƙura wa turakun ido. Sun jeru sun nufi cikin tafki, ruwa kuma yana can gaba da na ƙarshe.

"Yaya Eulogia, ke da kika yi sakandare a Oruro, ina ruwan nan yake zuwa?"

Na ce, "Gudunka yake yi. Ya gaji da ganin ƙato a zaune."

"To ya gudu, amma ya faɗa mini ina za shi."

Na gaya masa abin da na sani. Zafi ya ƙaru, damina tana makara, rana da iska suna shanye ruwan, kogin da ke cika tafkin kuma manoma da masu haƙar ma'adinai sun tare rabinsa a hanya. Bai yarda ba. Kasalarsa a ƙafa take, ba ta kai kansa ba. Ya auna ruwa kofi huɗu a farantin Saturnina, huɗu a tukunya, ya ajiye su a rana. Faranti ya bushe, tukunya da saura.

"Ashe mu faranti ne," in ji shi. "Tafkin Titicaca mai zurfi shi ne tukunya."

Saturnina ta ce in ya gama karatun ya dawo mata da farantinta.

Daga baya ya ji a rediyo cewa a tudun Tibet tafkuna ƙaruwa suke, har suna cinye filayen kiwo, saboda ƙanƙarar duwatsu tana narkewa, ruwan sama kuma ya ƙaru. Wannan ya hana shi sakat. Zafi ɗaya, a can yana cikawa, a nan yana kwashewa? Ya tambayi duk wanda ya ratsa ƙauyen, har da mai sayar da tukwane. Ni dai na ce masa in ƙanƙararsu ta ƙare wataƙila su ma za su fara lissafin turaku. Tabbas ɗin ne ba ni da shi.

Ba kullum ruwan yake ja da baya ba. Akwai shekarun da ya dawo ya haye turke biyu ko uku, sai Tiburcio ya ɗaura wa inda ya tsaya jan ulu. Daga nan kuma ya sake tafiya. A turke na talatin da ɗaya ruwa ya ƙafe, kwalekwale ya zauna a kan gishirin da ya bari. Maza suka watse neman aiki a birni.

Abin da ya rage wa gidan shi ne garken lama na Saturnina, ga dila yana kashe wa garken 'ya'ya. Shinge take buƙata, ga itace a tsaye a fili ba ya tsare komai.

"Gobe zan tumɓuke su," ta ce. "Turakunka za mu dafa mu ci?"

Gaskiya ce ta faɗa, ni ma na goya mata baya. Tiburcio ya ce in an cire su, wa zai san inda ruwa ya taɓa kaiwa? Ta ce lama ba su damu ba.

Washegari ya ɗauki shebur, wai katanga zai gina wa garken. Mutumin da ya ƙi tono sanda ɗaya a shekara, shi ne ya yi wata biyu yana kwaɓa laka da ciyawa, yana buga tubali, yana tsine wa kowane ɗaya. Mutane suka riƙa zuwa kallo.

Tsohuwa Benedicta ta ce, "Kai Tiburcio, gumi ne wannan ko an watsa maka ruwa?"

"Ki duba da kyau, Mama, ba za ki sake gani ba."

Katangar a karkace take, amma dila bai ƙara shiga ba.

Bayan shekara biyu ciwon ƙirji ya kwantar da shi. Na je dubiya, ya sa aka jingina shi inda zai hango turakun, ya miƙo mini ƙullin jan ulu.

"Yaya, ke ba ki da tausayi, shi ya sa ba za ki yi mini ƙarya ba. Kada ku bari a tumɓuke su. Duk Agusta wani ya taka ya duba. In an ga ruwa, ko na jiƙa takalmi ne, a ɗaura ulu a wurin, sannan a biyo ta maƙabarta a faɗa mini turke na nawa ya taɓo. Ni ba zan iya tasowa ba, kin san halina."